Ku Tambaya, Mu Amsa: Dariyar da ta ƙi zuwa, da littafin da aka yanke a fim

Yawancin wasiƙun wannan wata daga masu kallo ne na jifa-jifa, waɗanda ba su ɗauki fim sana'a ko karatu ba, in sun samu sarari su kalla, in ba su samu ba shi ke nan. Ƙorafinsu ya taru a kan finafinan barkwanci da kuma waɗanda aka ɗauko daga littattafan adabi. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuma daga marubuta da masu tace fim na wannan fili suke.

Tambaya: Na kalli wani fim ɗin barkwanci a sinima, na yi dariya har da hawaye. Bayan wata biyu na sake kallonsa ni kaɗai a waya, ko murmushi ban yi ba. Fim ɗin ne ba shi da kyau tun asali, ko ni ce na canza? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, kina nan yadda kike, fim ɗin ma haka. Abin da ya ɓace tsakanin kallon farko da na biyu shi ne jama'a. Robert Provine, wani masani a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya bibiyi yadda mutane ke dariya a harkokinsu na yau da kullum, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan ninki 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Masu shirin talabijin sun riga shi gane haka a aikace. Tun farkon shekarun 1950 wani injiniyan sauti mai suna Charles Douglass ya ƙera na'urar da ke zuba dariyar da aka naɗa a cikin shirye-shirye, don wanda ke zaune a ɗakinsa ya ji kamar yana cikin taro.

Akwai kuma abin da mai kallo ba ya lura da shi, wato gurbin dariya. Fim ɗin da aka shirya domin sinima, mai tacewa yakan bar daƙiƙa biyu ko uku bayan kowace magana mai ban dariya, ɗan wasa ya yi shiru, ko ya gyara hula, ko ya kalli gefe, don kada hayaniyar zaure ta cinye maganar da ke biye. Ba da ka ake auna wannan gurbi ba. Ana nuna fim ɗin ga 'yan kallon gwaji kafin ya fita, a saurari inda suka yi dariya da tsawon da ta yi, a koma a gyara. 'Yan gidan Marx, wasu 'yan wasan barkwanci na Amurka, sun wuce nan ma: kafin a ɗauki fim ɗinsu na 1935, A Night at the Opera, sai da suka zaga garuruwa suna yin wasu fitowar a kan dandamali gaban jama'a, ana auna dariyar da agogo. To a sinima mutane ɗari biyu ne suka cike miki wannan gurbi. A ɗakinki babu mai cike shi, sai ya zama shiru, kike jin kamar fim ɗin yana jan ƙafa.

Allon waya ma ya yi tasa ɓarnar. Barkwancin da aka gina a kan motsi yakan ɓoye rabinsa a gefen hoto, wani yana magana a gaba, abin dariyar yana faruwa can a baya. A allon da bai wuce tafin hannu ba, wannan na bayan bai fi ƙwayar wake ba. Ƙara da cewa kin riga kin san abin da zai faru.

In kina son ki yi wa fim ɗin gwaji na adalci, ki samu mutum biyu ko uku, ɗaya daga ciki wanda bai taɓa ganinsa ba, ku sa shi a talabijin, a rage haske, kada a tsayar da shi a tsakiyar fitowa. In a haka ma bai motsa kowa ba, to zauren ne ya ɗauke shi a karon farko.

Tambaya: Me ya sa wani ɗan wasa zai faɗi in fashe da dariya, wani kuma ya yi irin wannan faɗuwar in ji haushi, wani lokaci ma tausayi? (Daga wani direba)

Amsa: Malam, ba a faɗuwar gizo ke saƙar ba. Abin da aka shimfiɗa kafinta da abin da aka nuna bayanta su ne aikin. Misali mafi sauƙi shi ne ɗan gajeren fim ɗin da 'yan gidan Lumière suka nuna a Faransa a 1895, wanda ko minti ɗaya bai cika ba. Mai lambu yana ban-ruwa da tiyo. Wani yaro ya lallaɓo ta bayansa ya taka tiyon, ruwa ya ɗauke. Mai lambu ya juyo da bakin tiyon yana leƙawa ya ga me ya toshe. Yaro ya ɗage ƙafa.

Duba yadda aka jera shi. Mu mun ga yaron, mai lambu bai gan shi ba. An ba mu 'yan daƙiƙoƙi mu hango abin da ke tafe, mu riƙe numfashi, sannan ruwa ya feso masa a fuska. Da an ɓoye mana yaron, firgita za mu yi tare da mai lambun. Da an saki ruwan kafin ya leƙa, jiƙewa ce kawai. Faɗuwar da ta ba ka haushi, in ka koma ka duba, galibi za ka tarar an tsallake wannan jiran ne.

Sannan wanda zai faɗi sai ya kasance yana da abin asara. Mutumin da ya shigo yana taƙama, ya gama yi wa wani gori, shi ne faɗuwarsa ke da daɗi. Wanda dama a wulaƙance yake, in aka ƙara kayar da shi, zalunci muke gani. Dole kuma a tabbatar mana cikin gaggawa cewa bai ji ciwo ba. Nan ne wurin da aka ajiye kyamara yake yanke hukunci. In ta matso kusa da fuska muka ga ya ciji leɓe, tausayi ne zai zo. In ta ja baya muka gan shi daga kai har ƙafa tare da abin da ya kayar da shi, dariya ce. A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928, bangon gaban gida ɗungurungum ya faɗo a kan ɗan wasa Buster Keaton, ya tsira saboda yana tsaye daidai inda tagar sama za ta sauka. Hoto ɗaya ne daga nesa, ba a yanka ba, shi kuma fuskarsa ko gezau. Da an yanyanka shi gida huɗu, babu mai yarda cewa bangon ya faɗo da gaske, tsoro da dariyar duk su tafi.

Saura aikin mai tacewa. Daƙiƙa ɗaya ta fim hotuna 24 ce. Cire huɗu ko ƙara huɗu kafin a nuna fuskar wanda ya ga faɗuwar yana iya raya fitowa ko ya kashe ta, kuma sau da yawa dariyar a fuskar shaidar take, ba a jikin wanda ya faɗi ba. Abin da muka fi ƙi a wannan sana'a shi ne ɗan wasan da ke nuna ya san yana ba da dariya, yana zare ido yana jiran a yaba masa, da kuma kiɗan da ake bugawa don a ce mana "ga wurin dariya". Mutumin da ke cikin labarin barkwanci bai san a barkwanci yake ba. A wurinsa matsalar da ta taso masa babba ce, da gaske yake neman mafita.

Tambaya: Finafinan barkwanci sukan fara mini da daɗi, amma da an yi awa ɗaya sai in gaji. Kuma tallan fim ɗin yakan fi fim ɗin ban dariya. (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ƙanenmu, tallan minti biyu ne zuwa biyu da rabi, an tsamo masa zaɓaɓɓun wurare daga fim ɗin minti casa'in ko ɗari, an jera su ba numfashi. Ka shiga kallo ke nan ka riga ka cinye tsokar. In ka yanke shawarar za ka kalli fim ɗin barkwanci, ka ƙyale tallansa.

Gajiyar awa ɗaya kuwa asalinta a rubutu yake. Da yawa daga irin waɗannan finafinai dabara ɗaya ce tak aka gina su a kai, misali matsoraci da aka ɗauka jarumi ne. Dabara ɗaya tana ɗaukar rabin awa lafiya lau. Kafin ta kai ƙarshe sai kowace fitowa ta jefa mutumin cikin ramin da ya fi na baya zurfi, ƙaryar da ya yi don ya tsira ta haifi wadda ta fi ta. Ga gwaji: ɗauki fitowa biyu daga tsakiyar fim ɗin, ka musanya musu wuri a ranka. In babu abin da ya lalace, to labarin a tsaye yake, maimaici kawai ake yi, jikinka kuma ya riga ka ganewa. Abin dariya iri ɗaya sau uku yake ɗauka: na farko ya gabatar, na biyu ya sa ka saba, na uku ya saɓa wa abin da ka saba. Na huɗu in ba a juya shi ba, nauyi ne.

A kashi na ƙarshe kuma dole marubuci ya warware ƙullin labari, a sasanta, a nemi gafara, sai barkwanci ya ja baya. Masu gwaninta a cikin warwarar suke ɓoye dariya mafi girma. Marasa ita sukan ajiye barkwancin gefe su yi minti ashirin suna wa'azi.

Tambaya: Na karanta wani littafi sau biyu, ina ƙaunarsa ƙwarai. Da aka yi fim ɗinsa sai na tarar an cire mutumin da na fi so, an haɗe wasu biyu sun zama ɗaya, an canza ƙarshe. Wannan ba cin amanar marubuci ba ne? (Daga wata malamar makaranta)

Amsa: Malama, mun fahimci zafin, amma bari mu fara da lissafi. Matsakaicin ƙagaggen labari yakan kai kalmomi 90,000. In aka karanta shi a fili, kalma 150 a minti, awa goma ke nan. Rubutun fim kuwa shafi 100 ne zuwa 120, kuma ƙa'idar masu sana'ar ita ce shafi ɗaya minti ɗaya a allo. Marubucin fim kamar tela ne da aka ba yadi goma aka ce ya fitar da riga ta yadi biyu, kuma a gane daga wane yadi aka yanko ta.

An taɓa gwada ƙin yankewa. Darakta Erich von Stroheim ya ɗauki littafin McTeague na Frank Norris kusan shafi bayan shafi. Abin da ya fara haɗawa ya kai awa takwas zuwa tara. Kamfanin ya ƙwace, ya sa aka rage shi zuwa awa biyu da 'yan mintoci, ya fita a 1924 da sunan Greed, abin da aka cire kuma ya salwanta har yau.

Ga yadda aikin ke tafiya a hannun wanda ya iya. Da farko sai ya tsayar da magana ɗaya: labarin wane ne, me yake nema, me ya tare masa hanya. Littafi yana iya riƙe mutum biyar a tsakiya, fim na awa biyu da ƙyar yake riƙe biyu. Daga nan sai ya rubuta kowane abu da ya faru a littafin a kan ƙaramin kati, ya baje su a tebur, ya riƙa ɗaga kati ɗaya-ɗaya yana tambaya: in na cire wannan, akwai abin da zai rushe a gaba? Wanda babu abin da ya dogara da shi ya fita, komai daɗinsa. Abin da zai rage bai cika wuce kati arba'in zuwa sittin ba. Sai haɗe mutane: in abokai uku aikinsu ɗaya ne a labarin, wato su ba jarumi shawara, ɗaya ya isa, domin mai kallo ba shi da damar komawa baya shafi talatin ya tuna wane ne wane. Mutumin da kika fi so, muna kyautata zaton irin wanda marubuci ya ƙawata da zance ne amma labarin bai rataya a wuyansa ba. Irinsu ne farkon fita.

Littafi ɗaya yana iya nuna miki bambancin. Pride and Prejudice na Jane Austen ya fito a 1813. BBC ta yi shi kashi shida a 1995, sama da awa biyar, kusan kowa ya samu wuri. Fim ɗin sinima na 2005 awa biyu ne da 'yan mintoci, sai aka cire ɗaya daga 'yan'uwa mata biyu na Bingley, wani saurayi a labarin, tare da mijinta, ɗayar ta ɗauki aikinsu duka. Haka The Godfather na 1972 ya ajiye babin ƙuruciyar uban gidan da ke cikin littafin Mario Puzo na 1969, sai a fim na biyu a 1974 aka ɗauko shi.

Inda muke goyon bayanki ɗari bisa ɗari shi ne idan aka cire dalili aka bar sakamako. A littafi an yi babi uku ana nuna yadda ƙiyayya ta ginu tsakanin wa da ƙane, a fim aka cire ukun aka bar ranar faɗan. Wadda ta karanta za ta cike gurbin daga kanta, wanda bai karanta ba zai ga mahaukata biyu. Akwai kuma kishiyar wannan, wanda masoyan littafi kan yaba alhali shi ma lalacewa ce: a ƙi cire komai, a bi kowane babi a guje, minti biyu-biyu, babu fitowar da aka bari ta numfasa. An ga kowa, ba a san kowa ba.

Canza ƙarshe ya fi nauyi. In sabon ƙarshen ya fito daga halin mutanen da aka gina tun farko, muna karɓa. In an ɗora shi ne don 'yan kallon gwaji sun ce ba sa son baƙin ciki, yakan fito da ɗinkinsa a waje, kuma kina da gaskiya ki ƙi shi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa: ki zaunar da wanda bai karanta littafin ba ya kalla, ki ce ya ba ki labarin. In ya kawo shi da dalilansa, fim ɗin ya tsaya da ƙafarsa.

Tambaya: Duk fim ɗin da aka ce daga babban littafi aka ɗauko shi, gyangyaɗi nake yi. Abokaina suna yabawa, ni ina jin kunyar in ce ban gane ba. Ƙarancin ilimi ne? (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, babu abin kunya a nan, kuma sau da yawa gyangyaɗin naka ya fi yabon nasu gaskiya. Akwai fim mai tafiyar hawainiya wanda ke cike da abu, akwai kuma wanda babu komai a cikinsa sai tsofaffin kaya da dogayen jimloli. Sai an rarrabe.

Matsalar daga nan take. Ƙarfin littafi shi ne shiga zuciyar mutum: shafi goma mace tana zaune a bakin taga, muna jin duk abin da take saƙawa. Kyamara ba ta ganin zuciya, mace kawai take gani a bakin taga. Darakta mai rauni yakan nemi mafita ta hanyar sa murya ta riƙa karanta mana littafin a kan hoto, sai ka zama ana faɗa maka abin da idonka ke gani, hankalinka ya rasa aikin yi, barci ya samu ƙofa. Blade Runner, wanda aka ɗauko daga littafin Philip K. Dick, ya fita a 1982 da irin wannan murya da aka ɗora bayan kallon gwaji, a 1992 aka sake fitar da shi an cire ta. Murya tana da amfani idan tana faɗin abin da ya saɓa wa hoton, misali mutum yana cewa bai damu ba alhali muna ganin hannunsa na rawa.

Darakta mai ƙarfi da jeri yake aiki. Wajen 1920 darakta Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Wato a irin wannan fim kai ne kake ƙarasa aikin. An nuna maka wasiƙa, an nuna maka fuska, an nuna hannu ya tura wasiƙar ƙarƙashin littafi da aka ji motsin ƙofa. Babu wanda ya yi magana, amma an faɗa maka tana ɓoye wani abu kuma tana tsoron wanda ke shigowa. In idonka na kan waya a wannan daƙiƙa biyar, minti goma masu zuwa za su zame maka banza.

Don haka ga abin da za ka yi. Kada ka fara irin wannan fim bayan doguwar rana. Kafin ka fara, nemi layi biyu a kan zamanin da ƙasar da labarin ya faru, ban da labarin kansa, domin yawancin rikicin tsofaffin littattafai a kan dokar gado ne ko aure ko matsayi, wadda marubucin ya ɗauka kowa ya sani. Ajiye waya, ka ba shi minti 25. Sannan ka tambayi kanka: wa nake bi, me yake so, me zai rasa in bai samu ba? In kana da amsa, ci gaba, saurin zai zo. In ka ba shi hankalinka duka amma babu amsa ko ɗaya, laifin na masu fim ne, kashe abinka.

Tambaya: Littafin zan fara karantawa ko fim ɗin zan fara kallo? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Ƙanwarmu, in littafin ne a ranki, fara da shi, domin da zarar kin ga fuskar ɗan wasa ba za ki iya cire ta daga shafin ba. Sai ki bar 'yan makonni kafin kallo, don kada ki zauna kina ƙirga abin da aka cire. In kuwa littafin mai kauri ne, mai tarin sunaye, kin fara sau biyu kin ajiye, kalli fim ɗin ki san wane ne wane, ki koma. In jarrabawa za ki rubuta a kan littafin, fim ba ya maye gurbinsa ko kaɗan, mutanen da aka haɗe da ƙarshen da aka canza za su kayar da ke.

Tambaya: Finafinan barkwanci na ƙasashen waje masu fassara a ƙasan allo ba sa ba ni dariya, alhali an ce a ƙasarsu sun yi tashe. (Daga wani ma'aikacin jinya)

Amsa: Ɗan'uwa, mai fassarar allo a ɗaure yake. Layi biyu ne iyakarsa, kowane layi haruffa kusan 40, kuma rubutun ba ya wuce daƙiƙa shida ko bakwai a allo. In 'yan wasa suna magana da sauri, dole ya zubar da wani abu, kuma abin da ya fi saurin zuba shi ne ƙawar zance, inda dariyar take. Ga kuma matsalar lokaci: rubutun yakan fito gaba ɗaya, ka karanta ƙarshen maganar kafin ɗan wasa ya kai wurin, ko kuma kana karatu fuskar da ya yi ta wuce. Gwanayen masu fassara sukan raba jimla biyu, su riƙe kalmar ƙarshe sai ta fito daidai da bakinsa, amma ba kowa ke da wannan haƙuri ba.

Barkwanci kuma hawa-hawa ne wajen tsallake iyaka. Na motsin jiki ya fi kowanne tafiya, shi ya sa Mr. Bean, wanda da ƙyar yake buɗe baki, ya zaga duniya. Na hali, kamar marowaci ko mai kishi ko mai ƙaryar arziki, shi ma yana tafiya, domin babu ƙasar da ba ta da su. Na wasa da harshe da na shaguɓe ga 'yan siyasa ko tallace-tallacen wata ƙasa, a gida yake mutuwa. Ka zaɓi iri biyun farko. In akwai zaɓi tsakanin fassarar rubutu da ta baki, a barkwanci mun fi son muryar asali, domin rabin abin yana cikin yadda aka ja numfashi kafin a faɗi kalmar.

Tambaya: A talabijin ɗina ba na jin maganar 'yan wasa sai na ƙure sauti, kiɗa kuma ya zo ya tashi gida. Finafinan zamanin da kuma sai su yi kama da wasan dandamali. (Daga wani dattijo mai ritaya)

Amsa: Baba, kunnenka lafiya lau, saiti ne. An haɗa sautin yawancin finafinai domin lasifika shida, magana tana da tata a tsakiya. Talabijin mai lasifika biyu yakan cusa shidan cikin biyu, magana ta nutse. A sa yaro ya shiga saitin sauti ya kunna wanda ke ɗaga murya ko wanda ake kira na dare, wanda ke rage tazara tsakanin ƙara da raɗa. In fim ɗin yana da zaɓin sauti, a ɗauki na lasifika biyu maimakon mai lamba 5.1, wato na lasifika shidan.

Hoton kuwa, talabijin ɗin ne ke ƙirƙiro ƙarin hotuna tsakanin 24 na asali don motsi ya yi santsi. Yana da amfani a kallon ƙwallo, amma yana tona asirin kayan ado da fentin ɗaki a fim. LG na kiransa TruMotion, Sony Motionflow, Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity. A kashe shi, ko a zaɓi Filmmaker Mode in akwai.

Tambaya: Na fi jin daɗin barkwanci, amma kullum finafinan littattafai ake ba kyauta. Barkwanci ƙaramin aiki ne? Kuma ba a samun fim ɗin da ya haɗa biyun? (Daga wata mai ɗinki)

Amsa: Hajiya, gaskiya ne tun da aka fara ba da kyautar Oscar a 1929, barkwancin da ya ci babbar kyautar kaɗan ne, irin su It Happened One Night na 1934 da Annie Hall na 1977. Masu kyautar Golden Globe ma ware masa rukuni suka yi daban da na labarai masu nauyi. Dalilin a ganinmu shi ne wahalar kuka ana ganinta a allo, wahalar barkwanci kuwa in an gan ta to aikin ya lalace. A fim ɗin City Lights na 1931, Charlie Chaplin ya ɗauki fitowa ɗaya sau 342. Abin da ya hana shi barci shi ne yadda makauniya mai sayar da furanni za ta ɗauki matsiyaci a matsayin attajiri ba tare da an yi magana ba. Mafitar da ya samu: cunkoson motoci ya tare matsiyacin, ya ratsa ta cikin wata ƙatuwar mota da ke tsaye ya fito ta ɗaya ƙofar, ita kuma ta ji ƙarar rufe ƙofar. A allo abin bai ɗauki lokaci ba, kamar ma sa'a ce.

Haɗa biyun kuwa ana yi. Ousmane Sembène na Senegal marubucin littattafai ne da ya koma fim don labaransa su kai ga waɗanda ba sa karatu, kuma da kansa ya mayar da wasu littattafansa fim. Mandabi na 1968, da harshen Wolof, labarin wani magidanci ne a Dakar da ɗan 'yar'uwarsa ya aiko wa takardar kuɗi daga Faris. Gidan waya ya ce sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kowane ofis ya tura shi na gaba, maƙwabta kuma sun riga sun ji labari sun fara zuwa rance, shi ma ya fara cin bashi a kan kuɗin da bai karɓa ba. In kin samu kallonsa, ki lura da yadda kowace ƙofa da ya ƙwanƙwasa take barinsa da bashin da ya fi na jiya, da kuma daidai fitowar da kika daina yi masa dariya.